Tambayi Likitan Dabbobi: Karenmu ba ya barin unguwa ta huta idan mun fita

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Kaduna. Muna da kare sunansa Duna, ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida, ubansa kuma irin na 'yan sandan nan. Shekararsa biyu da 'yan watanni. Babban ɗana ne ya kawo shi tun idonsa bai daɗe da buɗewa ba, shi ya rene shi da madara, shi ke ba shi abinci, shi ke cire masa kaska. Wata uku ke nan yaron ya tafi jami'a a Zariya, tun daga nan muka rasa kan karen. Da zarar ni da maigida mun fita ƙarfe bakwai, ƙananan yara sun tafi makaranta, sai ya fara wani irin kuka mai ja, maƙwabta sun ce ba ya yin shiru sai ya gaji. Ya kankare fentin get, ya gwaguye ƙasan ƙofar baya, wata rana har jini na gani a faratansa. Abincin da na bar masa ba ya taɓawa sai na dawo ƙarfe biyu. Yana kashi a bakin get, abin da bai taɓa yi ba. Maigida ya zane shi sau biyu, ya kuma sa masa sarƙa, amma abin sai gaba yake. Wata maƙwabciya ta ce wannan kukan ba alheri ba ne, wani kuma ya ce hauka ne ke shigarsa. Mai kemis ya ce in riƙa jefa masa maganin barci a abinci. Maigida ya ce in wata ya ƙare ba sauyi, zai sa a kai shi daji a yar, yaron kuma kullum yana roƙona a waya. Don Allah mene ne abin yi?

Daga wata mai karatu, Kaduna

Wa alaikumus salam Malama. Bari in fara da maganar hauka, don ita ce mai sa a ɗauki sanda. Karen da haukan kare ya bayyana a jikinsa ba ya wuce kwana goma a raye, galibi ma bai kai haka. Naki wata uku yana wannan hali, in kin dawo kuma ya tare ki da kaɗa wutsiya ya cinye abincinsa tas. Babu haukan da ke duba agogo, ya tashi ƙarfe bakwai ya kwanta ƙarfe biyu. Duk da haka ki duba katinsa, in an shekara ba a yi masa allurar riga-kafi ba ki kai shi a yi masa cikin makon nan. Amfanin abin biyu ne: kin kare gidanki, kin kuma sami takardar da za ki nuna wa duk wanda ya sake ɗago zancen. Maganar maƙwabciya kuwa, shekarata sama da ashirin ina sauraron kukan karnuka, duk wanda na bi sawunsa sai in tarar da yunwa, ko ciwo, ko karya a unguwa, ko kaɗaici.

Abin da ke damun Duna iyayenmu mata sun daɗe da ba shi suna, sai dai a kan yara suke faɗarsa: ƙulafuci. Kin san yaron da uwarsa ba ta isa ta shiga banɗaki ba sai ya bi ta yana tsala ihu a bakin ƙofa. Ba wanda ke cewa yaron nan mugu ne, kowa ya san tsoro ne ke cinsa. To haka kare yake, dabba ce da aka halitta ta zauna cikin 'yan'uwanta. Naki kuma an raba shi da uwarsa da wuri ƙwarai. Ƙa'ida ɗan kwikwiyo ya yi mako takwas wurin uwarsa kafin a ɗauke shi, shi kuwa bai fi mako biyu zuwa uku ba aka kawo shi. Ya buɗe ido ya ga ɗanki, shi ne uwa shi ne uba. Rana ɗaya aka ɗauki akwati, bai sake jin ƙanshinsa ba. Yanzu duk safiya in kun ja get, a ganinsa kuma abin da ya faru ne zai sake faruwa.

Wasiƙarki ta riga ta yi mini rabin aiki, don alamomin da nake tambaya duk kin lissafa su. Karen da zaman banza ya gundura yakan yi ɓarna ne ta nishaɗi: ya ja takalmi nan, ya tone fulawa can, ya ci abincinsa, ya miƙe ya yi barci. Mai ƙulafuci kuwa ɓarnarsa a hanyar fita take, get da ƙofa da taga, domin so yake ya bi ku. Ba ya cin abinci, kamar yadda mutum ba ya iya haɗiyar loma in hankalinsa a tashe yake. Kashin bakin get ma ba don ya ƙuntata muku ba ne, cikinsa ne ya kaɗa.

Amma kada ki tsaya kan labarin maƙwabta. Gobe ki sami tsohuwar waya, ki jingina ta a taga ta cikin ɗaki tana kallon tsakar gida, ki kunna ɗaukar bidiyo ki fita yadda kika saba. Minti talatin na farko kawai nake so. Ki lura da lokacin da ya fara haki alhali ba rana, da lokacin da ya fara kai-komo, da dalalar da miyau, da lokacin da kukan ya ɓarke. Ina kyautata zaton za ki ga tun kina ɗaura mayafi ya riga ya rikice. Sannan ki nuna wa maigida bidiyon. Na sha ganin magidancin da ya shigo wurina yana huci, na miƙa masa wayarsa ya kalli karensa yana rawar jiki a jikin get kamar mai zazzaɓi, sai jikinsa ya yi sanyi.

Tunda na ambaci maigida, ki isar masa da gaisuwata, ki ce likita ya ce a yi haƙuri a ajiye bulala. Na san abin da zai ce: ai ya san ya yi laifi, da na shigo yake sunkuyar da kai yana ɓoye wutsiya. Wata mai binciken halayyar karnuka a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009. Ta sa masu karnuka su hana su cin wani abu su fita daga ɗaki, in sun dawo wani lokaci a gaya musu gaskiya, wani lokaci a gaya musu akasin abin da ya faru. Sai aka ga sunkuyar da kan tana bin faɗan mai kare ne, ko karen ya ci ko bai ci ba. Wato fuskar Alhaji yake karantawa. Ƙofar da ya gwaguya ƙarfe bakwai da rabi, ba zai iya haɗa ta da dukan ƙarfe biyar ba. Abin da ya koya kawai shi ne fitarku abin tsoro ce, dawowarku ma abin tsoro ce.

Sarƙa da keji kuwa ni kaina na yi wannan kuskuren. Farkon fara aikina wani ma'aikacin banki ya kawo mini wata karya mai irin wannan hali, na ce masa ya sa a ƙera mata keji na ƙarfe, in zai fita ya kulle ta ya huta da ɓarna. Kwana huɗu ya dawo da ita a bayan mota naɗe cikin tawul. Ta kama sandar kejin da baki tana ja har fiƙarta ta sama ta karye, hancinta ya saluɓe, ƙirjinta sharkaf da miyau da jini. Ni na cire ragowar haƙorin, kuma ban karɓi ko sisi ba don kunya. Kare mai sarƙa kuma yana iya tsallake katanga ko wani tudu ya rataye kansa. Ki bar shi a sake a wani ɓangare na tsakar gida mai inuwa da ruwa, inda ba ƙusa ba langa-langa mai kaifi.

Yanzu ga aikin. Ba wuya gare shi ba, cin rai ne da shi. So muke Duna ya ga kin fita kin dawo sau ɗaruruwa ba tare da tsoron ya taɓa kai masa wuya ba. Sharaɗin ke nan: a kowane gwaji ki dawo tun kafin ya rikice. In kika jira sai ya fara kuka, kin wuce gona da iri.

Ki fara da kayan fitarki, don ya haddace su kaf. Ya san ƙarar makulli, ya san jakar makaranta, ya san takalmin fita daban da silifas ɗin gida. Ranar Asabar ki ɗauki makulli ki kaɗa, ki koma ki zauna kan tabarma kina tsince shinkafa. Ki yafa mayafi ki shiga kicin. Ki rataya jaka ki je ki kwashe shanya. Sau biyar, sau goma a yini, ba kya kallonsa, ba kya yi masa magana. Yaranki za su yi miki dariya, ki ƙyale su. Ranar da kika kaɗa makulli ya ɗago kai kawai ya mayar, an ci wannan zango.

Sai get. Ki je ki taɓa shi ki dawo. Ki buɗe ki rufe kina ciki. Ki fita ki rufe, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki shigo. Daƙiƙa uku fa na ce, ba minti uku ba. Ki zauna ya natsu, bayan minti ɗaya ko biyu ki sake. Daga uku zuwa biyar, zuwa goma, zuwa ashirin. Kada ki riƙa hawa kullum kamar matakala, don zai gane ana ja masa ne. In kin yi daƙiƙa talatin, na gaba ki yi goma, sannan arba'in, sannan biyar. Zama ɗaya kada ya wuce minti ashirin, sau ɗaya ko biyu a rana, ki kuma ba shi hutun kwana ɗaya a mako. In akwai wayoyi biyu, ki kira ɗaya da bidiyo ta WhatsApp ki bar ta a taga, kina bayan get kina kallonsa. Da kin ga ya fara lasar leɓe, ko hamma ba ta barci ba, ko ya miƙe ya nufo get da sauri, ki shigo, gobe ki koma baya kaɗan.

Makon farko zai ba ki haushi, don kina iya ƙare shi ba ki wuce minti ɗaya ba. Kada ki karaya. Wahalar duk a farkon take. Daga daƙiƙa zuwa minti biyar shi ne dutsen, daga biyar zuwa arba'in gangara ce mai tsawo, in ya iya kwanciya minti arba'in kuwa sai ki riƙa ƙara goma-goma, sha biyar-sha biyar. Karen da ya zauna awa ɗaya da rabi lafiya, galibi zai iya rabin yini. Wasu karnukan sukan kai nan cikin mako shida, wasu sai an yi wata uku ko fiye. Wa'adin ƙarshen wata da maigida ya sa ya yi kaɗan, ki nemi alfarmar zangon karatu guda.

Inda yawancin mutane ke faɗuwa shi ne nan: ana koya masa daƙiƙa goma da yamma, da safe kuma a bar shi awa bakwai yana ihu. Ana saƙa ana warwarewa ke nan. Muddin ana wannan horo, sai an san yadda aka yi bai zauna shi kaɗai ba fiye da abin da ya iya. Abin da zai taimake ki, yawancin masu ƙulafuci ba lallai sai mutumin da suka shaƙu da shi ba, kowane ɗan Adam ya wadatar. Mai yi muku wanki zai iya mayar da aikinsa safiya? Akwai wata tsohuwa a dangi da za ta yini a gidan? Maigadin layinku zai yarda ya kawo bencinsa cikin get? Ba sai sun taɓa shi ba, ba sai sun yi masa wasa ba, jin motsin mutum kawai yake bukata. Ke kuma Allah ya ba ki abin da ma'aikacin banki ba shi da shi, wato hutun makaranta. Ki ɗora babban aikin a kansa tun daga ranar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ki bari sai saura kwana uku a koma.

Na san wasu gidajen ba a son kare ya raɓi tufafi ko ya shiga ɗaki. Wannan fagen malamai ne, ba nawa ba, amma duk abin da na lissafa a tsakar gida ake yinsa, ba inda na ce ki rungume shi. Abin da nake so dai a raba aikin da ɗanki ya bari. Ƙaninsa ɗaya ya ɗauki ba da abinci, wani ya ɗauki fita da shi. Bayan sallar asuba a sa masa igiya a zaga da shi minti ashirin zuwa talatin, a bar shi ya shinshina duk abin da yake so, don shinshina ma na gajiyar da kare. Fita da shiga kuma a yi su salin-alin. Ban da dogon sallama, in kin dawo yana tsalle ki ce masa sannu a hankali ki wuce ki ajiye jaka, sai ya natsu ki kula shi. Ki ce wa ɗanki in zai zo hutu ya bar wata tsohuwar riga da ya kwana da ita ba a wanke ba, a shimfiɗa a makwancinsa. Ba magani ba ce, amma wasu karnukan tana kwantar musu da hankali. Rediyo ma haka, in dama kun saba kunna ta kuna gida.

Akwai wani abin wasa na roba mai rami da ake kira Kong, ana samu a wasu shagunan kayan dabbobi. Ana cusa abinci a ciki, in da wuta a sa a firiza ya daskare, kare ya yi ta lasa. In babu, ki watsa busasshen abincinsa cikin ciyawa ya yi ta nema. Sai dai ki fara ba shi kina gida. In sai za ki fita kike miƙa masa, kwana uku zai mayar da shi ɗan'uwan makulli. Ƙashin kaza dafaffe kada a ba shi, tsagewa yake ya huda hanji. Goro ma a kiyaye inda ake ajiye shi, sinadaran da ke wartsakar da mu a cikinsa guba ne ga kare, haka cakulan da albasa.

Shawarar mai kemis kuwa ki bar masa abarsa. Maganin barci na mutane yana iya kashe kare, yana iya kuma juyewa ya sa shi ya ƙara haukacewa. Ko a wurinmu akwai wani da ake kira acepromazine, wanda ke kashe wa kare jiki ya bar masa tsoronsa a ciki, yana ji yana gani ba ya iya motsi. Ni ba na ba da shi don wannan matsala. Magungunan da suka dace su ne clomipramine da fluoxetine, na biyun tun 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba karnuka masu wannan ciwo, tare da horo. Ba sa sa barci, rage ƙarfin fargabar suke yi har kare ya iya koyo. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu, ana auna su da nauyin kare, ba a kuma yanke su rana ɗaya. Tunda Duna ya kai ga ji wa kansa ciwo, ina ganin ya cancanci a duba ko za a ɗora shi a kai. Ki kai shi wurin likitan dabbobi ya auna shi, ya duba faratan da haƙoran, ya tabbatar ba tsutsar ciki ko wani ciwo a ƙasa. Tunda ɗanki yana Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello in kuna son ƙarin bincike.

Batun kai shi daji, ki gaya wa Alhaji karen da aka rena da madara a kwano bai san farauta ba. Ko mota ta taka shi, ko yunwa ta kashe shi, ko ya shiga cikin karnukan bola inda haukan gaske yake. In har kun ga ba za ku iya ba, a nemi gidan da ba a rasa mutum a ciki yini guda, a gaya musu gaskiyar halinsa, a miƙa shi hannu da hannu. Amma ki fara gwada abin da na faɗa. Ki rubuto mini bayan mako uku, ki gaya mini daƙiƙa nawa kuka kai.

*

Likita, nawa karen ma haka yake yi in na tafi shago. Wani abokina ya ce in samo masa ɗan'uwa su riƙa ɗebe wa juna kewa. Ya kake gani?

Daga wani mai karatu, Jos

Malam, kafin ka sayi na biyu ka ari na wani. Ka nemi karen da naka ya saba da shi, mai allura, mai sanyin hali, a bar su tare na awa ɗaya kana ɗaukar bidiyo. In naka ya kwanta, to kewar ɗan'uwa ce ke damunsa, kamar yadda akan gani a karen da abokin zamansa ya mutu, shawarar abokinka ta yi. In kuwa ya bar baƙon a tsaye ya tafi get yana kuka, kai yake nema, kuma wannan ya fi yawa. Na taɓa zuwa gidan da aka yi haka ba gwaji, sabon ɗan kwikwiyon ya koyi kukan a wurin babban, maƙwabta suka koma sauraron murya biyu. Tunda shago naka ne, in da inuwa a bayansa ka riƙa tafiya da shi da kwanon ruwansa, ka bar horon get zuwa yamma da ranar Lahadi.